Raddi ga Masu Cewa Kiɗanmu Ba Ya Kan Saiti

Wata magana ta bazu tsakanin samarin da ke haɗa waƙa da fiyano da kwamfuta, har ta iso mana Tambuwal da Kebbe. Wai sun gwada goge da kalangu da na'ura, sun tarar ba su hau ma'aunin duniya ba, don haka kiɗan gargajiya kuskure ne da aka gada. Ga hujjojinsu, ga kuma amsa.

Sun ce ma'aunin nan, wato sautin da Turawa ke kira A ya girgiza sau 440 cikin daƙiƙa guda, haka sauti yake tun asali. Tarihin Turai da kansa ya ƙaryata wannan. A da, kowane gari da nasa saiti, wani lokaci ma kowace majami'a. Ƙarfen gwajin sauti da John Shore ya ƙirƙiro a Ingila a 1711 bai haɗa kansu ba. Makaɗa suka yi ta ɗaga sauti don kiɗa ya ƙara kaifi, mawaƙa suna kukan maƙogwaro, har gwamnatin Faransa ta kafa doka a 1859 ta tsayar da 435. A 1884 Verdi, mai tsara kiɗa na Italiya, ya goyi bayan 432. Sai a taron Landan na 1939 aka amince da 440, hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta tabbatar da shi a 1955, lokacin da Narambaɗa ya daɗe da shahara da kotsonsa a fadar Isa. Yau ɗin nan manyan ƙungiyoyin kiɗa a Jamus da Ostiriya sun fi bin 443. Ashe yarjejeniya ce ta mutane, kamar mudun awo da kowace kasuwa ke tsayar da nata.

Sun kuma ce makaɗinmu ba shi da ma'auni ko kaɗan. Wannan ita ta fi ɓata mini rai, domin magana ce ta wanda bai taɓa zama kusa da mai goge yana shiri ba. Ma'auninsa muryar mai waƙa ce. Yana jan izga, yana saurare, har ta zauna inda murya za ta hau ta sauka ba wahala. Fata kan saki da damina ta ɗaure da hunturu, shi ya sa mai gangar noma ke shanya ta a rana ko ya kara ta da wuta kafin gayya. Shi kuwa kalangu, ba a yi shi don ya tsaya wuri ɗaya ba. Ana matsa tsarkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka bisa karin harshen Hausa, har ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya gane da shi ake. Ka ɗaure shi a lamba guda, ka hana shi magana.

Ta ƙarshe, sun ce ba a iya haɗa kiɗanmu da fiyano. A nan akwai ƙamshin gaskiya, kayan kiɗa biyu sai sun daidaita. Amma fiyanon lantarki yana da maɓallin ɗagawa da saukarwa. Shi ya fi sauƙin matsawa.

Don haka 'yan'uwa masu situdiyo, in kun ɗauki dattijon makaɗi daga Jabo, Dogon Daji ko Kuchi, ku saita na'urarku ta bi shi. Kada ku sa kwamfuta ta gyara masa murya.