Don Tuwon Gobe Ake Wanke Tukunya

Tun shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ofisoshi, ma'aikata da dama suka saba shiga kwamfutar ofis daga gida ta intanet. Amma da zarar kwamfutar ta sake tashi, ko don sabunta manhaja ko don ɗaukewar wuta, sai ƙofa ta rufe: ma'aikaci yana gida, takarda tana ofis, shugaba kuwa yana jira.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wata ba ta kunna kanta in wuta ta dawo, sai an saita hakan a BIOS. Wata BitLocker ko FileVault ya kulle faifanta, tana jiran a buga lambar sirri a gabanta. Wata ba ta kama Wi-Fi sai mai ita ya shiga. Wata kuma adireshinta na IP ya sauya, mai nema yana ta sallama a gidan da aka tashi.

A ganinmu, rashin adalci ne a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci laifin wannan, domin gyaran yana hannun hukumar ofis. A haɗa kwamfutar da kebul, a tsayar da adireshinta, a hana ta barci, a tanadi wanda zai buga lambar sirri, sannan a tayar da ita a gwada kafin a tashi aiki. Kada a cire makullin faifai don neman sauƙi, ɓarawo za a yi wa hidima.

Muna kira ga shugabannin ma'aikatu da su yi wannan tanadi kafin su rubuta wa wani takardar tuhuma.