Thowra Ba Ɗan Gwagwarmaya Ba Ne

A taron ƙungiyarmu da ya wuce wani ɗan'uwa ya gabatar da takarda a kan littafin nan na Turanci, The Silver Brumby, wanda Elyne Mitchell ta ƙasar Ostireliya ta wallafa a 1958. Ya ce gogan labarin, watau dokin dajin nan Thowra, shi ne misalin wanda aka zalunta ya ƙi miƙa wuya ga 'yan mulkin mallaka, har ya yi kira gare mu da mu ƙago namu dokin dajin da Hausa. Zaure ya ɗauki tafi. Na ɗaga hannu shugaba ya ce lokaci ya ƙure, to, ga abin da na so in faɗa.

Saboda waɗanda ba su karanta ba, ga labarin a gurguje. A kan tsaunukan kudu maso gabashin Ostireliya, inda dusar ƙanƙara ke zuba, wata goɗiya Bel Bel ta haifi duƙushi gunya cikin daren hadari, ta sa masa suna Thowra, watau iska. Launin nan nasa shi ya jawo masa, gama makiyaya na hango shi daga nesa, kowa na so ya sa masa linzami. Ubansa Yarraman shi ne sarkin garken, har wani ingarma da ake kira Brolga ya kashe shi ya gaje goɗiyoyinsa. Thowra ya girma, ya tara nasa goɗiyoyin, ya sace wata mai suna Golden daga hannun mutane, ya kā da Brolga, ya zama sarki. Daga ƙarshe da aka rutsa shi sai ya yi tsalle daga kan dutse, mutane suka ɗauka ya mutu. Labari ne mai daɗi ƙwarai, ni kaina ban ajiye shi ba sai da na kai ƙarshe. Daɗin nan ne ma ya sa nake jin tsoronsa.

Tambayata ta fari ga ɗan'uwanmu ita ce: daga ina doki ya zo Ostireliya? Kafin 1788 babu doki a ƙasar nan, kai, babu ma wata dabba mai kofato ko ɗaya. Jiragen ruwan Ingila da suka kawo fursunoni da sojoji a shekarar nan su suka sauke dawakin farko, 'yan ƙalilan da ba su kai goma ba. Da doki aka ratsa ƙasar 'yan asali, da shi aka kora shanu da tumaki cikin wuraren da suke farauta. Waɗanda suka tsinke ko aka yasar su ne kakannin Thowra. Ashe wanda aka yi wa tafi a zaurenmu ɗan rakiyar mai mulkin mallaka ne, wanda ya ɓata da ubangidansa a kan linzami. Masu tsaunukan na ainihi, irin mutanen Ngarigo, ba su da bakin magana a labarin, sai dai kalmomin 'yan asali da aka ara aka raɗa wa dawaki suna. Marubuciyar kuwa 'yar Janar Harry Chauvel ce, wanda ya jagoranci rundunar mahaya ta daular Ingila a Falasɗinu lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ban ce wannan laifinta ne ba, amma mai neman tutar 'yanci ya kamata ya duba masaƙar da aka saƙa ta.

Sa'an nan ku dubi irin zaman da aka tsara wa garken. Sarki guda, 'ya'yan sarki masu hassadar juna, mata ana ƙwace su kamar ganimar yaƙi, mulki kuwa na wanda ya fi ƙarfin haure. Wannan fada ce aka sa wa kofato. Masu nazarin dawakin da ke yawo a sake sun ga ƙananan ƙungiyoyi ne, ingarma da 'yan goɗiyoyi da duƙusai, samari kuma suna tasu ƙungiyar dabam, babu wani sarki bisa dukkansu, sau da yawa ma goɗiya ce ke fara ɗaga ƙafa in za a tashi. Mu da muke zagin mulkin danniya a kowace fitowar mujallar nan, ƙaƙa muka yi wa ɗan sarki tafi don ya karɓo gadon ubansa? Taura biyu ba ta taunuwa.

Wani zai ce, haba malam, ai tatsuniya ce ta yara, matar nan 'yarta ta rubuta wa. To, a nan gizo ke saƙa. Yaran da suka karanta sun girma sun zama masu jefa ƙuri'a, an kuma mai da littafin fim a 1993. Dawakin gaske kuwa ba su daina haihuwa ba a gandun Kosciuszko, har ƙidayar 2022 ta kimanta su fiye da 18,000. Ƙasar tsaunukan fadama ce mai taushi, gansakuka ta rufe ta tana riƙe ruwa, kofato kuwa na farfasa ta, bakin rafi ya zube, ruwa ya zama taɓo. An hana kiwon shanu a gandun tun 1969 saboda irin wannan ɓarna. Amma a 2018 majalisar jihar New South Wales ta yi doka ta musamman don kare dawakin a matsayin kayan gado. Ban ce littafi ɗaya ya yi dokar ba, akwai waƙoƙi da finafinai da siyasar makiyaya, sai dai Thowra yana cikin waɗanda suka yi wa doki kamfe.

Wa ya yi wa sauran? Akwai wani ɗan kwaɗo mai zanen baƙi da rawaya, bai fi kan ɗan yatsa ba, wanda cuta ta riga ta kusa ƙarar da shi, a gansakukan nan yake ƙwai. Akwai wani ɗan kifi da aka san shi a 'yan kilomita kaɗan na rafin Tantangara. Waɗannan sun riga doki da Bature zuwa da dubban shekaru, amma ba wanda ya ba su uwa mai hikima ko suna mai daɗi, balle yaro ya yi kuka dominsu. Abin mamaki, ita Elyne Mitchell ɗin ta san ciwon ƙasa sarai, don a 1946 ta rubuta littafi sukutum a kan zaizayar ƙasa, Soil and Civilization. Wannan kam ba a yi fim ɗinsa ba.

Kada a ce ba ni da tausayi. Harbin doki daga jirgi mai saukar ungulu abu ne mai muni. A 2000 an harbe 606 a gandun Guy Fawkes River, ƙasa ta ɗauki kuka, aka hana. A 2023 gwamnatin jihar ta sake halatta shi a Kosciuszko, da nufin rage dawakin zuwa 3,000 kafin tsakiyar 2027. Da an rage su tun suna kaɗan, da jinin da aka zubar bai kai haka ba. Masu son dokin labari su suka ja wa dokin gaske wannan.

Game da kiran da aka yi mana kuwa, a ƙasar Hausa ba mu da dokin daji. Namu na turke ne, na barga, na lifidi da hawan salla, a dā kuma na hari, wanda in an ji sukuwarsa ƙauye ke watsewa. Wanda ya ga zai iya, ya rubuta mana wannan dokin, ya sa shi ya faɗi abin da ya gani daga ƙarƙashin sirdi, ya kuma bar wa talakan da ke yanko masa ciyawa shafi biyu. In an sa batun cikin ajandar taro mai zuwa, ina roƙon shugaba ya ba ni minti goma, ɗan'uwanmu kuma ya zo da littafinsa a hannu.