Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Majalisar Ƙasashen Yankin Aktik

Ya ku masu girma wakilan ƙasashe takwas,

Tun watan Maris na 2022, bayan Rasha ta far wa Yukren, bakwai daga cikinku suka jingine aiki da ita. Fushinku na kan hanya, amma kimiyya ce ta kwana a ciki. Kusan rabin gaɓar tekun Aktik na hannun Rasha, haka ma daskararriyar ƙasar Saberiya, wadda ke narkewa tana sakin iskar da ke ɗumama duniya. Ma'aunin zafin da aka zura cikin ramin gwaji can bai san ana yaƙi ba. Yana ta awo, alƙaluman ne ba sa isowa.

Ku fa kuka sa hannu a Fairbanks a 2017 kan sauƙaƙa wa masu bincike shige da fice da kayan aikinsu. Ko ana tsakiyar yaƙin cacar baka, Amurka da Tarayyar Sobiyet sun ƙulla yarjejeniyar Antaktika a 1959.

Tarurrukan intanet da kuka dawo da su a 2024 ba su wadatar ba. Muna roƙonku ku buɗe musayar bayanan tashoshin awo, ku ba masu bincike biza, a koma fagen aiki tare.

Naku,
Wani malamin labarin ƙasa