Sharhinmu: Kifi Na Ganinka, Mai Jar Koma

Babu malamin da zai musanta amfanin da muka ci a wayar hannu. A daminar 2022, lokacin da Kogin Haɗejiya ya tumbatsa ya shafe gonaki da hanyoyi a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, ta zaurukan WhatsApp muka riƙa sanin wanda ruwa ya ci gidansa, da hanyar da ta yanke, da makarantar da ta koma masaukin waɗanda ambaliya ta kora. Har yau ta nan sanarwar taro da labarin albashi da saƙon ta'aziyya suke riskar mu. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu: wannan zaure da muke shimfiɗa tabarma a cikinsa kullum, na wane ne, kuma me mai shi yake ci da zamanmu?

Facebook da Instagram da WhatsApp duk mallakar kamfani ɗaya ne, Meta, mai hedikwata a Amurka. Ba ya karɓar kuɗin shiga, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kusan dukkan kuɗin da yake samu daga talla ne, tallar kuwa tana yin tsada ne gwargwadon yadda kamfanin ya san mu: shekarunmu, garinmu, abokanmu, abin da yake ba mu dariya da abin da yake harzuƙa mu. Da wannan muke biyan kuɗin haya, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Abin da ake yi da irin waɗannan bayanai ya fito fili a 2018, lokacin da asirin kamfanin Cambridge Analytica na Ingila ya tonu. Facebook da kansa ya amsa cewa bayanan mutum har miliyan 87 na iya kasancewa sun faɗa hannun wannan kamfani, wanda sana'arsa ita ce juya ra'ayin masu zaɓe. Ƙasarmu ma ba ta tsira ba. Jaridun Ingila sun ruwaito cewa wani attajiri ya ɗauki kamfanin aiki a zaɓen 2015, aka yaɗa wani bidiyo mai ɗauke da hotunan zubar da jini domin a tsorata jama'a da Muhammadu Buhari ta fuskar addini. Ko wace jam'iyya mutum yake so, ya kamata ransa ya ɓaci, domin zaman lafiyarmu aka sa a caca.

Siyasar kamfanonin kanta tana bin inda iskar mulki ta kaɗa. A watan Yuni na 2021 Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, gwamnati ta mayar da martani da rufe shi har zuwa Janairun 2022. Wata bakwai ana takun saƙa tsakanin kamfani da hukuma, ba wanda ya nemi shawarar talakan da yake kasuwanci ko neman labari a wurin. A 2022 Elon Musk ya saye Twitter, daga baya ya sauya masa suna zuwa X, ya kuma fito ƙarara ya mara wa Donald Trump baya a zaɓen 2024. A Janairun 2025, ana saura kwanaki a rantsar da Trump, Mark Zuckerberg ya sanar da cewa Meta ya daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka. Wanda zai sauya ƙa'idarsa a gida domin sabon shugaba, wane alkawari zai riƙe wa malamin firamare a Birniwa?

Hukumomin ƙasarmu sun fara farkawa. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan Nijeriya ba da yardarsu ba, da kuma hana su kariyar da yake bai wa mutanen wasu ƙasashe. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Mun yaba, amma tara ba ta dawo da hoton da ya riga ya fita.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ajinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mun san namu. Muna ɗaukar hoton yara a filin taro mu ɗora a Facebook domin a ga muna aiki. Muna ɗaukar shafin rajista da sakamakon jarrabawa, da sunan yaro da na mahaifinsa, mu tura zaure. Idan tantance ma'aikata ta zo, takardar albashi da lambar banki da ta katin ɗan ƙasa suna yawo a zaure mai mutum ɗari biyu. Gaskiya ne WhatsApp yana cewa saƙonni a kulle suke, ko shi ba ya iya karanta su. To amma lambar waya da lokacin amfani da irin wayar duk yana ganin su, kuma babu kwaɗon da zai hana ɗaya daga cikin mutum ɗari biyu tura abin gaba. Daga nan ɗan damfara yake samun abin da zai kira malami da cikakken sunansa, ya ce daga banki yake.

Bayanan malami nasa ne, in ya yi sakaci kansa ya cuta. Na yaro kuwa amana ne. Mahaifin da ya kawo ɗansa makaranta karatu ya kawo shi. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta wajabta neman izinin iyaye ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro.

Saboda haka muna kira ga mambobi da iyalansu. Kada a ɗora hoton ɗalibi ko sakamakonsa sai da yardar iyayensa. Takardun albashi da lambobin sirri a miƙa su hannu da hannu ga jami'in da abin ya shafa. Labarin siyasa ko na addini da ya zo yana tafasa jini, a bar shi ya kwana kafin a tura, domin magana zarar bunu ce. Shawarar ƙungiya, musamman ta yajin aiki da ta zaɓen shugabanni, a yanke ta a taron reshe, inda kowa yake ganin fuskar ɗan'uwansa, zauren waya ya tsaya a kan sanarwa. Muna kuma roƙon shugabannin makarantu da su sa wannan batu cikin ajandar taron iyaye da malamai na zangon nan.

Masuntan fadamarmu sun san cewa kifin da ya ga koma ba ya barin kogi, wurin iyo yake sakewa. Mu ma za mu ci gaba da amfani da waɗannan kafafe, ido a buɗe, ba tare da mun ɗora musu abin da ba namu ba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.