Gasar Masu Ƙera Waya Da Bukatar Mutumin Jibiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama, bakin iyakar Jibiya, inda hanyar Katsina ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, lalle ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. Ga ɗan kasuwa tsaye a gindin mota, waya a tafin hannunsa, layi biyu a cikinta, ɗaya na Nijeriya, ɗaya na Nijar. Yana tambayar abokin cinikinsa na Maraɗi yadda sefa ta kwana, yana buga lissafin abin da ta kama a naira, yana duba hoton takardar kaya da direba ya aiko, sa'an nan yana ƙoƙarin tura kuɗi ta banki kafin mai wake ya sayar wa wani. Duk wannan a waya guda, cikin minti biyar. Jarinsa ke nan a ciki, in kuwa wayar ta yi masa gardama a daidai wannan lokaci, to, cinikin ran nan ya tafi.

Wannan iya riƙe aiki da yawa a lokaci guda yana cikin abubuwan da manyan kamfanonin waya suka daɗe suna gasa a kai, kowa yana cewa tasa ta fi. Kowace waya tana da babbar manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da ita, wanda sauran ƙananan manhajoji, irin na banki da na hira, su ke zaune a kansa kamar yadda rumfuna su ke zaune a filin kasuwa. A da Nokia ce sarauniya, da tsarinta mai suna Symbian. A 2007 kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone, wadda ta ba duniya mamaki, amma fa a farkonta in mutum ya buɗe wata manhaja da ya sauko da ita, sai ya rufe ta kafin ya shiga wata. A 2008 aka fara sayar da waya mai tsarin Android na kamfanin Google. A 2009 kamfanin Palm ya kawo nasa tsarin, inda ayyukan da mutum ya buɗe su ke jeruwa a fuskar waya kamar katunan karta, ya ɗauki wanda ya ke so, ya ture wanda ya gama da shi. Masana suka yaba ƙwarai, har sauran suka kwaikwaya. Apple bai bar manhajojin waje su ci gaba da aiki a bayan fage ba sai 2010, Android kuma ya shigo da raba fuskar waya gida biyu a 2016.

Ya kamata mu bayyana yadda abin ya ke, tun da ya ke masu karatunmu da yawa akawuna ne, su kuwa ba za su sha wuyar ganewa ba. Waya tana da wuri iri biyu. Akwai ma'ajiya, wadda ta ke kamar kabad ɗin ofis inda a ke jibge fayil. Akwai kuma abin da masu sayar da waya ke kira ram, shi kuwa kamar teburin akawu ne. Fayil ɗin da ke cikin kabad ba a aiki da shi sai an ɗauko an shimfiɗa bisa tebur. In teburin babba ne, akawu ya shimfiɗa biyar, ya duba wannan ya koma wancan. In ƙarami ne, da ya ɗauko na uku tilas na farko ya koma kabad, ya kuma rasa shafin da ya tsaya. Tsarin Apple yakan daskarar da aikin da aka juya wa baya, ya bar kaɗan kawai su yi motsi. Android ya fi sakin mara, amma da tebur ya cika sai ya kashe abin da ke baya ba tare da sallama ba, wasu masu ƙera waya kuma su kan ƙara nasu dabarun kashe manhaja don batir ya daɗe.

To, ga inda abin ya shafi talaka. Mai waya mai ƙaramin ram ya buɗe manhajar banki, ya rubuta lambar asusu da yawan kuɗi, banki ya ce ya aiko masa da lambar sirri ta saƙo. Ya fita ya karanto lambar, ya dawo, sai ya tarar manhajar ta tashi daga farko kamar bai taɓa shiga ba. Ya sake, lambar farko ta mutu. Wani lokaci ma ba ya sanin ko kuɗin sun tafi ko ba su tafi ba, mai kaya yana tsaye a kansa. Waɗanda suka ga farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuyar samu, kowa ya koma ga tura kuɗi ta waya ko yana so ko ba ya so, sun san irin rigimar da wannan ya haddasa a kasuwanni. Sau da yawa cunkoson bankuna ne da raunin sabis, amma wani lokaci laifin na ƙaramin tebur ne da aka ɗora wa babban fayil.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan damunmu, shi ne abin da kan sami mai saye sa'ad da kamfaninsa ya sha kaye a gasar. Tsarin Palm, duk da yabon da ya sha, bai kai labari ba: kamfanin HP ya saye shi a 2010, ya daina yin wayoyinsa a 2011. A watan Fabrairu na 2011 Nokia ta ba da sanarwar za ta bar Symbian ta koma ga tsarin Windows na kamfanin Microsoft. A 2014 Microsoft ya karɓe sashen wayoyin Nokia, bayan 'yan shekaru kuma shi da kansa ya saki tsarin. BlackBerry fa? Akwai lokacin da a biranen Nijeriya ma'aikaci ba ya jin ya cika sai yana riƙe da ita, ana tambayar juna lambar BBM kamar yadda a ke tambayar unguwa. Ran 4 ga Janairu 2022 kamfanin ya kashe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Tun kafin wannan, WhatsApp, wadda ita ce dandalin hira da cinikin mutanenmu, ta janye daga Symbian a tsakiyar 2017, daga BlackBerry a ƙarshen wannan shekara, daga wayoyin Windows a ƙarshen 2019. Malamin makarantar da ya matse albashinsa wata da watanni ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan, wayarsa lafiya lau, gilashi bai fashe ba, batir bai kumbura ba, ya wayi gari ta zama ta kira da tocila kawai. Ba wanda ya shawarce shi, ba kuma wanda ya mayar masa da ko kwabo.

Yanzu dai kusan duniya duka tsari biyu suka rage, na Apple da na Google. A Jibiya kuwa, kamar sauran garuruwanmu, wayar da ta fi yawa a hannun jama'a mai Android ce, galibi Tecno ko Itel ko Infinix, dukansu na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Yana da kyau a lura da abin da ya ba wannan kamfani kasuwa. Ya duba ya ga mutumin Afirka yana yawo da layi biyu ko uku, don sabis ɗin wannan yana kamawa inda na wancan ba ya kamawa, sai ya yi masa waya mai ɗaukar layi biyu tun da wuri. Ya ga wutar lantarki ba ta da tabbas, ya sa batir mai daɗewa. Ya sa farashin da ɗan tireda zai iya, kayan gyara kuma ga su nan a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. iPhone ba ta karɓi layi biyu ba sai 2018. Ga mutumin bakin iyaka, wanda ke bukatar MTN ko Airtel a wannan gefe, Moov ko Zamani a wancan, layi biyu shi ne farkon riƙe aiki biyu, raba fuskar waya kuwa ƙari ne kawai.

Amma kada a ɗauka wanda ya riƙe Android ya tsira. Zanen aro ne, shi kuwa ba ya rufe katara. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin Huawei na ƙasar Sin cikin waɗanda ta hana kamfanoninta hulɗa da su, sababbin wayoyinsa suka riƙa fitowa ba manhajojin Google, har ya koma ga nasa tsarin, HarmonyOS. In hakan ta sami kamfani mai ƙarfin Huawei, wa zai ba mu tabbacin ba za ta sami wani ba? Mabuɗin yana hannun da ba namu ba.

Mutanen Jibiya ma sun ga wani darasin da ya fi wannan kusa. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Jibiya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Gwamnati ta yi haka ne da dalili, ba mu kuwa zo sake shari'ar wannan ba. Abin da mu ke so a tuna shi ne, a watannin nan waya mai tsada da mai araha duk sun zama ɗaya, ofishin da ya ajiye aikinsa a takarda ya ci gaba, wanda ya mai da komai cikin waya ya tsaya cik. Ita kanta iyakar an rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. A duk waɗannan shekaru waya ce ta riƙe zumunci da amanar ciniki tsakanin Katsinawan nan da Katsinawan Maraɗi, waɗanda jini ɗaya ne, harshe ɗaya. Abin da ya kai wannan matsayi a rayuwar jama'a bai kamata hukuma ta bar shi ga ra'ayin masu talla ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatu da bankuna da hukumomin jarrabawa, duk hidimar da za a ce jama'a su yi ta waya, a gwada ta tukuna a kan waya mafi araha da a ke sayarwa a kasuwar Jibiya, a wurin da sabis ke da rauni, ba a kan wayar babban darakta a Abuja ba. Google da kansa ya san da irin waɗannan wayoyi, shi ya sa a 2017 ya fitar da sassauƙan Android don masu ƙaramin ram. In mai tsarin ya rage wa abinsa nauyi, ina dalilin da zai sa namu masu rubuta manhaja su riƙa yin ta kamar kayan raƙumi? A kuma bar hanyar nan ta danna tauraro da lambobi a buɗe, gama ita tana aiki ko a 'yar ƙaramar waya mai madannai, ba ruwanta da data, ba ruwanta da wane ne ya ci gasa a Amurka.

Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, magadan akawunan En'e na da, da ku malaman makaranta, akwai naku. Mun ga yadda takardar umurni ta ofis ta koma hoto a zauren WhatsApp, sakamakon jarrabawar yara da jerin sunayen masu albashi suna kwana a wayar mutum ɗaya. Ran da wayar ta faɗa ruwa, ko aka sace ta a tasha, ko kamfaninta ya janye, ina za a nemo su? Akawun da, duk da ƙarancin kayan aikinsa, yakan bar kwafi a fayil, shi ya sa har yau mai bincike ke zuwa gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna ya karanta abin da aka rubuta shekara saba'in da suka wuce. A yi aiki da waya don sauri, amma kwafi ya shiga fayil, rajista kuma ta ci gaba da cika da alƙalami. In za ku sayi sabuwa, ku tambayi girman ram ɗinta da yawan shekarun da kamfanin ya yi alkawarin sabunta ta, kafin ku tambayi kyan hotonta.

Wani abu kuma, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Waya ce aka ƙera don ta riƙe aiki biyar, ba mai ita ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Akawun da ke sauraron dattijon da ya taso tun daga ƙauye da kunne ɗaya, ido yana kan hira, shi ne zai rubuta sunan wani a takardar wani. Malamin da ke duba saƙo yara suna karatu, su ma sun gani, gobe kuwa ba shi da bakin hana su.

Nan gaba kaɗan za a sake gwada mu a wannan wuri. A watan Fabrairu na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, ta Katsina da Jibiya kuma za ta bi. Jirgin Abuja zuwa Kaduna tun Janairu 2021 aka fara sayar da tikitinsa ta intanet, ba shakka haka za a so a yi a nan. Muna roƙon Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, tun kafin jirgi ya fara tsayawa a tashar Jibiya, ta tabbata mai layin Nijar zai iya sayen tikiti kamar mai layin Nijeriya, mai ƙaramar waya kamar mai babba, a kuma buɗe taga a tasha, da akawu a zaune, don tsohuwar da ta zo da kuɗinta ƙulle a bakin zane.