Gardamar Burauza da Inda Jinkirin Intanet Yake Fitowa

A shagunan intanet na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha, musamman a lokacin rajistar jarrabawar JAMB ko ranar da aka saki sakamakon WAEC da NECO, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tsakanin ɗalibai, watau wace burauza ce ta fi sauri. Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita a waya ko a kwamfuta. Wannan ya ce Chrome, wancan ya ce Opera Mini, wani ya rantse da Firefox, wani kuwa ba ya yarda da kowace sai Phoenix da ya tarar a cikin wayarsa. Daga gardama sai a koma ga taɓe-taɓen saiti, kowa da laƙanin da ya ji a bakin mai gyaran waya. Lamarin ya wuce hira, domin kuɗin data ake ƙonawa, ga shi kuwa ta ƙara tsada tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ban da kuɗi akwai wa'adin rajista da kan wuce, akwai kuma sirrin ɗalibi da kan faɗa hannun da bai sani ba.

Gaskiyar magana ita ce yawancin wannan gardama an gina ta a kan tarihin da ya riga ya shuɗe. An yi zamanin da burauzoji suka bambanta ƙwarai. Tim Berners-Lee ya rubuta ta farko a shekarar 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke Suwizalan, Mosaic ta fito a 1993, Netscape a 1994, Internet Explorer a 1995, kuma kowace da irin injinta na fassara shafi. A yau injuna uku ne suka rage a fagen: Blink da WebKit da Gecko. Chrome, wadda ta fito a 2008, da Blink take aiki. Opera ta bar nata injin ta koma kansa a 2013, Edge ta kamfanin Microsoft ta bi sahu a 2020, haka nan Brave da Samsung Internet. Firefox ce ke riƙe da Gecko, Safari kuma da WebKit. Ke nan ɗalibai biyu da ke musu tsakanin Chrome da Edge tamkar masu musu ne a kan motoci biyu masu inji ɗaya, fenti da kujeru kawai suka bambanta.

Misalin mota ya dace da mazauna kudancin Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri tun 1975. Duk wanda ya taɓa fitowa daga Television ko Barnawa da sassafe zai haye gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello ya san cewa idan cunkoso ya kama a bakin gada, tsohuwar 504 da sabuwar mota tare suke rarrafe. Ƙarfin inji ba ya faɗaɗa gada. Burauza ita ce motar, hanyar sadarwa kuwa ita ce titin da gadojinsa, kuma a nan ne akasarin lokacin ɗalibi yake salwanta.

Yana da kyau mai karatu ya bi saƙon da ƙafa. Idan ɗaliba a Makera ta taɓa adireshin wani shafi, saƙon yakan tashi daga wayarta zuwa ƙarfen sabis mafi kusa, wanda take rabawa da duk maƙwabtan da ke kan layi a wannan lokaci. Daga nan ya shiga wayar zaren gilashi da aka binne a ƙasa. Idan babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin, wadda ake kira saba, tana Turai, sai saƙon ya gangara Legas ya shiga igiyar ƙarƙashin teku. Haske a cikin zaren gilashi yana gudun kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Legas da Fotugal, tsawonta kusan kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa kilomita 14,000 ke nan, watau kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa, kafin a lissafa tafiyar Kaduna zuwa Legas da tsaye-tsayen hanya. Wannan lokaci kamar ba komai ba ne, sai dai shafi guda yakan buƙaci irin wannan kai da komowa sau da dama kafin ya kammala buɗewa. Babu saitin da zai ƙara wa haske gudu. Ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da igiyoyin WACS da ACE da SAT-3 da MainOne suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, intanet ta yi nauyi a faɗin Nijeriya, kuma ba a ga burauzar da ta tsira ba.

Sai nauyin shafin kansa. Matsakaicin shafi a yau ya haura megabayit 2, mafi yawansa hotuna ne da tallace-tallace da ƙananan shirye-shiryen da ke gudana a bayan fage. Megabayit 2 daidai yake da megabit 16. Idan sabis yana ba da megabit 1 a daƙiƙa, kamar yadda kan faru da yamma idan unguwa ta cika, shafin zai ci daƙiƙa 16. Idan yana ba da megabit 10, bai kai daƙiƙa 2 ba. Bambancin da ke tsakanin burauzoji biyu masu inji ɗaya bai ko kusanci wannan tazara ba. Gwaje-gwajen da ake yaɗa sakamakonsu, irin su Speedometer, wanda Apple da Google da Mozilla da Microsoft suka haɗu suka fitar da zubinsa na uku a 2024, suna auna yadda burauza ke sarrafa abin da ya riga ya iso cikin na'ura ne. Ba su san halin da ƙarfen sabis na Unguwar Romi yake ciki da ƙarfe takwas na dare ba.

A nan dole a yi wa magoya bayan Opera Mini adalci, domin su kam suna da hujja. Wannan burauza, da ta bazu a duniya tun 2006, ta bi wata dabara ta daban. A saitinta na matse data sosai, wayar ba ta zuwa wurin shafin da kanta. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke ɗauko shafin, su rage girman hotuna, su sauƙaƙa shi, sannan su turo wa wayar ɗan abin da ya saura, kuma kamfanin ya ce ragin kan kai kashi 90 cikin ɗari. Ga mai ƙaramar waya da raunin sabis wannan taimako ne na haƙiƙa. To amma abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne, duk abin da aka rubuta a wannan yanayi ta hannun ɗan tsakani yake bi, a can ake kwance shi a sake ɗaurewa. Bugu da ƙari, shafukan cike fom sukan rikice, maɓalli ya ƙi amsawa, hoton fasfo ya ƙi hawa. Karanta labarai da darussa da ita daidai ne. Cike fom na jarrabawa ko biyan kuɗin makaranta kuwa ya fi dacewa da cikakkiyar burauza da aka sabunta, ko da za a ƙara jira.

Game da saiti, abin mamaki shi ne laƙanin da ya fi shahara shi ya fi cutarwa. Burauza tana da ma'ajiyar wucin gadi inda take adana tambari da hotuna da sauran sassan shafin da aka taɓa ziyarta, don kada ta sake sayo su da data. Ɗalibin da ke share wannan ma'ajiya kullum safiya, wai don waya ta yi sauƙi, kamar mai zubar da ruwan randa ne ya sake komawa rijiya. Shara tana da amfani idan shafi ya rikice ko wuri ya ƙare a waya. Manhajojin da ke alkawarin wanke waya su ƙara mata gudu su ma wannan aikin suke yi, ga tallan da suke jawowa da data ɗin mai wayar. Wasu shawarwarin kuma sun tsufa: har yanzu akan ji ana cewa a kunna saitin rage data na Chrome, alhali Google ya cire shi tun 2022. Sauya adireshin DNS zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 yakan ɗan gaggauta nemo inda shafi yake, amma ba ya rage ko bayit ɗaya daga nauyinsa.

Saitin da ke da tasiri shi ne wanda ke rage kaya. Hana bidiyo kunna kansa, toshe tallace-tallace da sanarwar shafuka, kashe ɗauko shafuka tun kafin a nema, da rufe tarin shafukan da aka bari a buɗe a wayar da ƙwaƙwalwar aikinta ba ta wuce gigabayit 2 ba, duk suna nuna kansu a agogo da kuma a ragowar data. Tafiya ta taku goma zuwa bakin taga ma takan fi sauya burauza riba. Idan kuwa sabar hukumar jarrabawa ce ta cika da dubban masu neman sakamako a lokaci guda, magani shi ne a dawo da asuba.

Malaman kimiyya suna da damar mayar da wannan gardama darasi, domin ba ta buƙatar ɗakin gwaji. Waya ɗaya da agogo da littafin rubutu sun isa. A zaɓi shafi guda, a tsaya a wuri guda, a buɗe shi sau biyar da kowace burauza, ana karɓa-karɓa tsakaninsu, ana share ma'ajiya kafin kowane zagaye don kada wata ta sami fifiko, sannan a fitar da matsakaicin lokaci. Sharaɗin shi ne abu ɗaya tak ake sauyawa a kowane gwaji. Bayan nan a riƙe burauza ɗaya a sauya lokaci: ƙarfe shida na safe, tsakar rana, da takwas na dare. Daga baya a sauya wuri, ɗaliban Kakuri su kwatanta alƙalumansu da na 'yan Narayi da Gonin Gora. A rubuta jadawalan uku a allo, na burauza da na lokaci da na wuri, ajin ya duba da idonsa a wanne ne tazarar daƙiƙoƙi ta fi faɗi.