Ga Gulbi, Ga Kifi, Ina Masauki?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ya san Jega, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. A nan ne hanyar Birnin Kebbi take rabuwa da ta Kwantagora, a nan kuma direbobi kan kashe mota su yi salla, su sa wani abu a ciki. Garin yana zaune ne a gefen Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki ake kira Gulbin Gindi, amma rabon baƙo da wannan gulbi bai wuce ya hango shi ta tagar mota ba. Zai ci shinkafarsa a rumfar bakin kwalta, ƙurar manyan motoci na sauka cikin miya, ya wanke hannu ya tashi, alhali kuwa ga ruwa da iska mai sanyi nan kusa da shi.

Mu a ganinmu wannan asara ce, kuma asarar ta fi shafar mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, domin mu ne muka fi kowa cin abinci a waje, mu ne kuma muke ta kukan rashin aikin yi.

A dubi abin da Allah ya tara a waɗannan garuruwa uku. Aliero ta yi suna wajen noman albasa, har ana lodinta mota-mota zuwa kudancin ƙasar nan. Fadamun Jega da na Maiyama suna ba da shinkafa, irin wadda ta sa Jihar Legas ta ƙulla yarjejeniya da Jihar Kebbi a 2016 aka fito da shinkafar Lake Rice. A gulbi ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga ragon ruwa. Masu ci kuwa ba a rasa su ba. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero a 2006, dubban ɗalibai da malamai da iyayen yara suke kai-da-kawo a wannan hanya. Ga kuma masu ɗorin Aliero, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga wurare masu nisa, 'yan jinya su yi makonni suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. Kayan miya sun haɗu, masu yunwa sun haɗu, tukunya ce ba a ɗora ba.

Kada wani ya ce mana saukar baƙi don kuɗi baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Jega kanta da baƙi ta ginu. Bayan da Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, zangon fatake masu zuwa Gwanja sayo goro. Wa yake saukar waɗannan fatake? Fatoma. Shi ke ba madugu da mutanensa ɗaki, matan gidansa su dafa musu tuwo, yaransa su kula da jakuna, shi kuma ya tsaya musu a ciniki ya karɓi la'adarsa. Mutum ne mai daraja a gari, amana ce jarinsa, kuma da yawa daga cikin attajiran da da wannan sana'a suka tashi. Abin da Turawa suke tinƙaho da shi na ɗan masauki a bakin tafki, mai gida da iyalinsa suna hidimar baƙi da kansu, kakanninmu sun yi shi tun kafin a shimfiɗa kwalta.

To, me ya kashe mana gwiwa? Kalmar otal ce ta ɓata. Tun zamanin bariki aka haɗa ta da giya da mata masu zaman kansu, har ya zama mutumin kirki ba ya son a ga motarsa a ƙofar irin wannan wuri. Sai kuma aka ɗora mata wata kunya: wai magidanci ya ci abinci a waje alama ce ta gidansa ba daidai yake ba. Abin dariya shi ne wannan magidanci da kansa yana tsugune a gaban mai tsire kowane dare, yana kuma zaune a bencin mai shayi kowace safiya. Ashe ba cin waje ake ƙi ba. Abin da ba a saba ba shi ne ya ɗauki maiɗakinsa da 'ya'yansa su ci tare, kuma ba za mu ga laifinsa ba muddin wurin da zai kai su babu ban-ɗaki mai tsabta, babu ɓangaren iyali, babu inda mace za ta yi alwala cikin sutura.

Mun san abin da wasu za su ce nan take: gwamnati ta gina. A nan muke so a yi hattara. A shekarun 1970 gwamnatin Audu Baƙo ta gina otal a bakin tafkin Bagauda a Jihar Kano, wurin da ya yi tashe har ana zuwa daga ko'ina. Daga baya harkar ta durƙushe, aka mai da gine-ginen reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya. Otal ɗin Rock Castle da ke kallon madatsar ruwa ta Tiga ya shafe shekaru masu yawa a yashe. Ruwan bai ƙafe ba, kyan wurin bai ragu ba. Abin da aka rasa shi ne mai abu, wanda idan miya ta yi tsami aljihunsa ne zai ji. Ko Argungu, da bikin kamun kifinta da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, ta nuna mana cewa taron kwana huɗu ba ya riƙe masauki shekara guda, balle da bikin ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin 2020. Jega kuwa baƙinta na kullum ne.

Saboda haka abin da muke kira a yi ƙarami ne. Rumfuna masu inuwa a kan tudu, domin ambaliyar 2020 ta koya wa kowa a Jihar Kebbi inda ruwa yake iya kaiwa. Ɗakuna kaɗan masu gidan sauro, tun da bakin gulbi gidan sauro ne na ainihi. Masallaci, rijiyar burtsatse, da firji mai aiki da hasken rana don kada kifin safe ya kai yamma yana wari. Abinci kuwa namu: tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, farfesun tarwaɗa, masa, dambu, fura da nono mai sanyi. Babu dalilin da zai sa a zauna a gaban gulbi ana cin daskararren kifin da aka yo odarsa daga Turai.

Kuma kada a ture matan da suke wannan aiki tun tuni a tasha. Su ne suka san hannun miya, da kuɗin tuwon nan suke biyan kuɗin makarantar wasunmu. Idan aka gina wuri aka ɗauko kuku daga birni aka bar su cikin ƙura, an yi zalunci ne da sunan ci gaba. Kamata ya yi a yi ƙungiyar haɗin gwiwa: mata masu abinci su riƙe tukunya, masunta su kawo kifi a farashin da aka daidaita, waɗanda suka gama karatu su riƙe littafin kuɗi da kula da ɗakuna. Aikin ƙaramar hukuma bai wuce ta ba da fili da takarda ba, ta kuma turo duba-gari mai zuwa duba tsabta, ba mai zuwa karɓar na goro ba.

'Yan'uwanmu masu karatun aikin gona a Aliero ba baƙi ba ne a wannan fadama, tun da gonar gwaji ta jami'ar a Jega take. Muna roƙon ƙungiyoyin ɗaliban Jega da Aliero da Maiyama su sa wannan magana cikin ajandar taronsu na hutu mai zuwa, su gayyaci sarkin ruwa da shugabar masu abincin tasha, a ji ta bakinsu tun kafin a je gaban shugaban ƙaramar hukuma neman fili.